WAKE ƊAYA A CIKIN DUTSE

 

Hausawa sun ce wake ɗaya shi ke ɓata gari. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa awon hatsi a kasuwar Dole ya san gaskiyar wannan magana. Gauraye a wurinmu aibi ne: a tsiyaya ruwa cikin nono, a cuɗa rairayi cikin gero, a narka dalma cikin azurfa, duka algus ne, addini da al'ada kuma sun yi tir da shi. To amma akwai wata sana'a a duniya wadda ta ginu kacokan bisa gauraye. Ita ce sana'ar ƙera ƴan duwatsun nan da ke aiki cikin rediyo, da salula, da kwamfuta, da allunan hasken rana waɗanda muke ce wa pano. A wannan sana'a, waken da aka auna aka jefa da gangan shi ke gyara garin, wanda ya faɗa ba da izini ba kuwa shi ke ɓata shi. Tun da yake jarin ƴan kasuwarmu da kuɗin baitulmali suna ta kwarara zuwa ga waɗannan kaya, ya wajaba mu san abin da muke saye.

DAGA RAIRAYI ZUWA DUTSE MAI SAHU

Ta fuskar wutar lantarki, watau kuran, abubuwa kashi uku ne. Akwai masu ba ta hanya ta wuce, kamar jan ƙarfen da ke cikin waya. Akwai masu tare ta, kamar roba da kwalba da busasshen itace. Akwai kuma ƴan tsaka-tsaki masu halin jemage, waɗanda masana ke kira semikondukta. Sarkinsu shi ne silisiyom, kuma shi ba baƙo ne gare mu ba: yana cikin rairayin da muke takawa, yana cikin manyan duwatsun da suka tokare unguwar Birni. Fiye da rubu'in nauyin ɓawon ƙasa silisiyom ne, sai dai kullum a ɗaure yake da oksijan.

Kafin a raba su, sai an gasa farin dutse tare da gawayi cikin tanderun lantarki mai zafin kusan digiri 2000. Abin da ke fitowa, kashi 98 zuwa 99 cikin 100 silisiyom ne. Da zinariya ce, sai a ce ta kai maƙura, amma a nan datti ake ɗaukarsa. Sai an sake tace shi har baƙin ƙwayoyin da suka rage su kasa ɗaya cikin miliyan in na pano ne, su kasa ɗaya cikin miliyan dubu in na kwamfuta ne. Daga nan a narka shi a digiri 1414, a tsoma ɗan irinsa a ciki, a riƙa janyowa sannu sannu ana murzawa, har ya daskare ya zama sanda guda. Wani masani ɗan ƙasar Polan mai suna Jan Czochralski ne ya gano wannan dabara a 1916. Sandan nan ake yankawa fale-fale, kaurin kowane yanki na pano bai kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba.

Sirrin wannan dutse yana cikin jeruwar ƙwayoyinsa. Sun tsaya ne sahu-sahu kamar jama'a a filin idi, kowace ƙwaya tana da hannuwa huɗu, ta kama maƙwabta huɗu. Hannuwan nan su ne ƴan ƙwayoyin lantarki da ake kira elektoron. Tun da kowa hannunsa a riƙe yake, ba mai ɗaukar saƙo, saboda haka tsantsar silisiyom ba ya wuce da kuran sai kaɗan ƙwarai. Bayan duk wahalar tacewa, dutsen ya yi tsarki, amma ba ya aikin komai.

GISHIRIN MIYA

A nan ne maƙeri ke jefa wakensa da gangan. Fosfor, wannan da ke cikin takin zamani, hannuwa biyar gare shi. In ya shiga sahu, huɗu su kama maƙwabta, na biyar ya rasa abin kamawa, sai ya shiga yawo cikin dutsen yana ɗauke da kuran. Wani sinadari kuma mai suna bor hannuwa uku gare shi, in ya shiga sai ya bar gurbi. Kowa ya san yadda ake yi in gurbi ya samu a sahun salla: na kusa ya matsa ya cike, nasa wurin ya zama gurbi, na gaba ya matso, har gurbin ya yi tafiya zuwa ƙarshen sahu. Haka gurbin bor yake tafiya cikin dutse, shi ma yana ɗaukar kuran.

Yawan abin da ake jefawa shi ne abin mamaki. Ƙwayar fosfor ɗaya tak cikin ƙwayoyin silisiyom miliyan ɗaya ta isa ta ninka wucewar kuran fiye da sau dubu ɗari. Kamar a ce baƙo guda ya sauka a birni mai mutum miliyan, ya canja halin birnin baki ɗaya. Wanda ya raina gajere bai taka kunama ba.

In aka haɗa gefe mai fosfor da gefe mai bor cikin dutse guda, iyakar da ke tsakaninsu sai ta zama ƙofa mai buɗewa waje ɗaya kawai. Hasken rana ya faɗo ya fizge elektoron daga mazauninsa, ƙofar nan ta tura shi gefe guda, ta tura gurbinsa ɗaya gefen, sai kuran ya gudana cikin waya. Aikin pano ke nan. In kuwa aka jera irin waɗannan iyakoki kusa da juna, sai a sami tiransisto, wanda ɗan kuran kaɗan ke buɗewa da rufewa kamar kan famfo. A cikin salula guda ta zamani akwai irinsu miliyan dubbai.

Auna gauraye ba sabon ilimi ba ne a Damagaram. A zamanin Sarki Tanimun ɗan Sulaiman, wanda ya yi mulki daga 1851 zuwa 1884, a nan birnin ake zuba igwa ana kuma haɗa albarushi. Duk mai irin wannan aiki ya san cewa in haɗi ya kuskure, makamin mai shi zai fara ci. Bambancin kawai shi ne, magabata da mudu da tafin hannu suke awo, na yanzu kuwa da ƙwayar da ido ba ya gani.

Turawa ma sun daɗe kafin su gane kan abin. A 1931 babban masanin nan Wolfgang Pauli ya rubuta wa wani almajirinsa cewa kada ya ɓata lokaci kan waɗannan duwatsu, don ƙazanta ce kawai. Dalili kuwa, kowane gutsure da irin halinsa, ba wanda ya san abin da ke sa haka. Sai a 1940, a ɗakin binciken kamfanin Bell na Amurka, Russell Ohl ya lura da wani guntun silisiyom da ke ba da kuran duk lokacin da haske ya taɓa shi. Ashe sa'ad da yake daskarewa, baƙin ƙwayoyin cikinsa sun rabu gida biyu da kansu. Fosfor ɗin da ke ciki bai kai yawan da na'urorin lokacin za su gani ba, ta warin da ke tashi in ana yankan dutsen ne abokan aikinsa suka fara zarginsa. A wannan gida ne John Bardeen da Walter Brattain da William Shockley suka fito da tiransisto a ƙarshen 1947, suka sami kyautar Nobel a 1956. A nan ne kuma aka ƙera ƙwayar pano ta silisiyom mai amfani ta farko a 1954, wadda ke mai da kashi 6 cikin 100 na hasken rana kuran.

BAƘON DA BA A GAYYATA BA

Yadda kaɗan ke gyarawa, haka kaɗan ke ɓatawa. Baƙin ƙarfe da jan ƙarfe da zinariya, in suka kutsa cikin silisiyom, tarko suke zama. Elektoron ɗin da rana ta saki, kafin ya kai ƙofa sai ya faɗa tarkon ya koma cikin gurbi, ƙarfinsa ya tashi a zafi kawai. Pano biyu na iya zama launinsu ɗaya, girmansu ɗaya, amma ɗaya ya fi ɗaya ba da kuran nesa ba kusa ba, saboda abin da ke cikin dutsen.

Wani babban maƙiyi shi ne sodiyom, wanda ke cikin gishirin Bilma da kanwar Manga da zufar jikinmu. A tsakiyar shekarun 1960 masu bincike na kamfanin Fairchild suka gano cewa shi ke sa wani sabon irin tiransisto yana canja hali ba dalili. Shi ya sa ma'aikatan waɗannan masana'antu suke rufe jiki ruf da fararen tufafi. A pano kuwa, sodiyom na cikin gilashin da ya rufe shi. In ledar da ke tsakanin gilashi da dutse ba mai kyau ba ce, zafi da laima da ƙarfin kuran sukan tura shi ya ratsa har cikin dutsen, ƙarfin pano ya yi ta raguwa.

Ƙasarmu na cikin waɗanda suka fara gwada waɗannan kaya a karkara. A 1972 Faransawa sun kafa pano a wata makarantar ƙauye ta Nijar don kunna talabijin ɗin koyarwa. Na wancan karo da wani dutse aka yi shi, haɗin kadmiyom da farar wuta. Irin waɗannan pano ana shafa musu wani haɗi na jan ƙarfe a sama, kuma aibinsu shi ne jan ƙarfen yakan sulale ya shiga cikin dutsen, laima kuma ta ci shi. Saboda haka duniya ta yi watsi da su a shekarun 1980, silisiyom ya ci kasuwa.

Shi ma silisiyom yana da tasa cutar. Tukunyar da ake narka shi a ciki ta farin dutse ce, tana sakar masa oksijan. In rana ta bugi sabon pano, oksijan ɗin nan yakan haɗa kai da bor su zama tarko, a yi hasarar wani ɗan kaso na ƙarfinsa tun a kwanakin farko. Maganin da aka samo shi ne a musanya bor da ɗan'uwansa galiyom. Wani kamfanin Japan mai suna Shin-Etsu ne ke riƙe da haƙƙin wannan dabara, da wa'adinsa ya ƙare a 2020 sai manyan masana'antun Sin suka rungume ta. Bayan haka da yawa suka koma ga dutse mai fosfor, wanda ba ya wannan cuta. Ke nan pano na 2015 da na 2024, ko da sun yi kama a ido, cikinsu ba ɗaya ba ne.

ABIN DA KUNNE KE FAƊI

Mai sayen tukunyar Mirriya ba ya biya sai ya ƙwanƙwasa ta ya ji amonta. Fataken da kuma sukan jefa riyal na azurfa bisa dutse, don kukan tsantsa daban yake da na wanda aka yi wa haɗi. Masana ma haka suke yi wa nasu dutsen, sai dai da amon da ya fi ƙarfin kunne.

Ƙwayoyin da ke cikin sahu ba a sandare suke ba, kullum kaɗawa suke. In aka taɓa ɗaya, motsin ya bi sahu har ƙarshe, wannan shi ne amo. Cikin iska amo na cin mita 340 a sakan guda, cikin silisiyom kuwa yana cin kamar mita dubu 8 da ɗari 4. In baƙuwar ƙwaya ta shiga sahu, nauyinta daban, riƙonta daban, sai ta yi abin da ɗan danƙon da makaɗi ke liƙawa a fatar ganga yake yi: ta canja murya. Oksijan, alal misali, ya fi silisiyom sauƙi, yana da tasa kaɗawa ta musamman, kuma da ita ake auna yawansa cikin dutse ta hanyar haska shi da wani haske da ido ba ya gani.

Wannan kaɗawa ita ce kuma ke fitar da zafi daga cikin dutse. Baƙin ƙwayoyi suna tare mata hanya kamar ramuka a kan titi, saboda haka dutse mai yawan gauraye ya fi riƙe zafi. Haka nan in aka cika fosfor, taurin dutsen yakan ɗan sauya, saurin amo a cikinsa ya sauya. Maƙera sun mai da wannan abin amfani. Agogon batir yana ƙidaya lokaci ne da ɗan farin dutse mai kaɗawa sau dubu 32 da 768 a sakan. Yanzu ana yin irin wannan makaɗi da silisiyom, amma shi muryarsa na sauka in zafi ya ƙaru, sai a ɗura masa fosfor da yawa don ta daidaita.

A 1961 wasu masana uku na kamfanin Bell, Hutson da McFee da White, suka nuna wani abin al'ajabi cikin dutsen nan na kadmiyom da farar wuta. In aka kora elektoron suka fi amo gudu, sai su riƙa tura shi yana ƙara ƙarfi, kamar yadda iska ke tayar da igiyar ruwa a tafki. Amo da kuran ashe suna hulɗa cikin dutse guda. A cikin salula akwai ƴan matatai da yawa masu mai da saƙon iska ya zama kaɗawa, su tace shi, su mayar da shi kuran, don kada maganar wani ta shiga ta wani. A 2009 masu bincike a Japan suka gano cewa in aka gauraya wani sinadari mai suna sikandiyom cikin dutsen da ake yin wasu daga matatan, amsawarsa na ninkuwa. Gaurayen da aka auna ya sake yin rana.

INA RUWANMU?

Ruwanmu ya yi tsaki kuwa. Kuran ɗin Damagaram da Maraɗi ta layin Katsina yake shigowa. A watan Agusta na 2023, sakamakon takunkumin CEDEAO, Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa NIGELEC, wadda a lokacin ta kai wajen kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasa ke sha, ba ta maido ba sai a 2024. Wanda ya ga duhun waɗannan watanni ya san abin da ya sa kowa ya juya ga rana. Gwamnati ta buɗe tashar Malbaza mai megawat 7 a 2018, da ta Gorou Banda mai megawat 30 a 2023. Amma mafi yawan panon da talaka ke gani su ne na kan rufin shago, da na rijiyar burtsatse, da na firijin allurar rigakafi a asibitin ƙauye. In na rijiya ya gaza, mata ne za su koma tafiya da tulu, a ƙasar da ƙishirwa ta daɗe tana gallaza wa. In na firiji ya gaza, maganin yara ne zai lalace.

Gauraye ba ya ganuwa, amma akwai ƙaryar da igiyar awo ke kamawa. Ƙarfin da ake rubutawa a bayan pano ana auna shi ne da haske mai wat 1000 bisa kowane murabba'in mita, a zafin digiri 25. Pano mai kyau na wannan zamani yana ba da wat 200 zuwa 230 a murabba'in mita. To in aka kawo maka mai tsawon mita ɗaya da faɗin rabin mita, an rubuta wat 250, ka san takardar ƙarya take, don da ƙyar zai wuce wat 110. Sannan a tuna da bazararmu: in jikin pano ya kai digiri 65, ko na kirki ne sai ya rasa kashi 12 zuwa 16 cikin 100 na ƙarfinsa. Don haka a ɗaga shi daga kwano iska ta ratsa ƙarƙashinsa, a kuma riƙa share masa ƙura.

Ga ƴan'uwa ƴan kasuwa: fiye da kashi 80 cikin 100 na panon duniya a ƙasar Sin ake yin su, na kirki da na banza duka daga can suke fitowa, saboda haka sunan ƙasa ba shaida ba ne. Ku nemi sunan masana'anta, da lambar kowane pano, da takardar gwajin nan ta IEC 61215, da lamunin shekaru 25 da manyan kamfanoni ke bayarwa. Na gwanjo kuma a sayar da shi da sunan gwanjo. Araha ba ta ado, mai saye kuma ba ya mance shagon da ya cuce shi.

Ga ƴan'uwa ma'aikata masu ba da kwangila da masu karɓar aiki: a rubuta waɗannan sharuɗɗa cikin takarda tun farko, a auna kuran ɗin da pano ke bayarwa da tsakar rana kafin a sa hannu, a kuma riƙe wani kaso na kuɗi har sai kayan sun ga bazara guda. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Akwai kuma aikin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Masana suna da hanyar ƙwanƙwasa pano: a tura masa kuran cikin ɗaki mai duhu, sai ya fitar da wani haske da kyamara ta musamman ke ɗauka, duk inda ya tsage ko ya mutu ya fito baƙi. Irin wannan ɗakin gwaji bai fi ƙarfin Jami'ar André Salifou ta Damagaram ba, in hukuma da ƙungiyar ƴan kasuwa suka haɗa hannu. Ɗalibai su sami wurin koyo, mai shigo da kaya ya sami shaidar da zai nuna, mai saye ya sami kwanciyar rai. Muna da gadon da za mu dogara gare shi. Marigayi Farfesa Abdu Mumuni Jofo, wanda aka haifa a Tasawa a 1929 ya rasu a 1991, ya shugabanci hukumar ONERSOL daga 1969 zuwa 1985, yana kira ga Afirka ta mallaki ilimin rana da kanta tun kafin duniya ta waiwayo. Jami'ar Yamai sunansa take ɗauke da shi. Ko ba mu kai ga narka silisiyom ba tukuna, ya kamata a ce mun iya auna wanda ake sayar mana.

Allah ya ba mu rana wadatacciya, ya kuma ba mu rairayi. Abin da ya rage shi ne awo na gaskiya, a masana'anta, a kan iyaka, a shago, da kuma a ofis. Allah ya sa mu dace, amin.